Kallon Tsuntsaye da Wayar Hannu: Daga Sauke Manhaja Zuwa Tura Rahoto

Manomi a ƙasar Hausa ba ya jiran waya ta gaya masa cewa damina ta ƙarato. Da zarar shamuwa ta sauka kan kuka ko tsamiya ta fara haɗa sheƙa, ya san lokacin sharar gona ya yi. Makiyayi ya san balbela da carki, masunci ya san zalɓe da kirinjijiya, mai gero kuwa ba ya bukatar a nuna masa jan-baki. Wannan sani yana nan tun kaka da kakanni. Abin da wayar hannu ta kawo sabo abu uku ne: tana taimaka maka ka gano sunan tsuntsun da ba ka sani ba, tana sauraron kukansa ta faɗi ko wane ne take zato, sannan tana adana abin da ka gani tare da rana da wuri, ta aika shi inda masu bincike za su amfana.

Akwai abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko, don a kansa duk wannan jagora ta ginu. Yawancin manhajojin kallon tsuntsaye a Amurka da Turai aka ƙera su, kuma daga hotuna da sautukan da mutane suka tura suke koyo. Can masu turawa sun yi yawa, nan kuwa kaɗan ne. Saboda haka manhajar da ke gane tsuntsu cikin daƙiƙa a Ingila tana iya yin shiru a Gumel, ko ta kawo maka sunan da ba shi ba ne. Baƙuwa ce a wurinmu, baƙo kuma ko da idonsa sai an yi masa jagora. Idonka da kunnenka ne a gaba, waya a baya. Kuma duk rahoto na gaskiya da ka tura yana rage mata wannan baƙunta.

Manhajojin da suka cancanci wuri a wayarka

Merlin Bird ID ita ce ta farawa. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell da ke Amurka ce ta fitar da ita a 2014, kyauta ce, kuma tana aiki a Android da iPhone. Tana gano tsuntsu ta hanya uku: ta tambayoyi, ta hoto, da ta sauti. Hanyar sautin a 2021 aka ƙara ta.

Ta biyu ita ce eBird, daga wannan cibiya dai, wadda aka fara tun 2002. Ba aikinta ba ne gaya maka sunan tsuntsu. Littafin rajista ce: kana shigar da abin da ka gani, adadinsa, inda ka gan shi da tsawon lokacin da ka ɗauka kana dubawa. Asusu ɗaya ne ke buɗe maka Merlin da eBird.

Da waɗannan biyun kaɗai za ka iya shekara kana aiki. Sauran ƙari ne, gwargwadon inda sha'awarka ta nufa. Birds of Africa, ta ƙungiyar African Bird Club, kyauta ce, kuma don tsuntsayen wannan nahiya aka yi ta, da hotuna da sauti da taswirar inda kowane jinsi yake. Tana da amfani sosai wajen tabbatar da abin da Merlin ta faɗa. BirdNET ta sauti ce zalla. iNaturalist tana karɓar hoton kowace halitta, tsuntsu ko ƙwaro ko tsiro, mutane masu ido su duba su tabbatar da sunan. BirdLasser kuwa, wadda aka ƙera a Afirka ta Kudu, ita ce masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya suke amfani da ita, zan zo kanta a gaba.

Shawarata kada ka cika wayarka da su duka a rana ɗaya. Fara da Merlin, ka yi mako biyu ko uku da ita, sannan ka ɗauko eBird.

Mataki na farko: shiri tun kana gida

Inda tsuntsaye suka fi yawa, nan ne sabis ya fi ƙaranci. Don haka duk abin da ke bukatar intanet a gama shi kafin a fita.

Sauke Merlin, ka shigar da adireshin imel ɗinka, ka tabbatar da shi ta saƙon da za su turo. Daga nan ka sauke bayanan tsuntsayen yankinka, wato hotuna da sautuka da bayanin kowane jinsi, yadda za su zauna cikin wayar ko babu sabis. Wannan kan ci ɗaruruwan megabayit, don haka ka nemi wurin da akwai wayfay ko ka jira datar dare mai rahusa. In wayarka ƙarama ce, irin Itel ko tsohuwar Tecno, ka share bidiyoyin WhatsApp da suka taru kafin ka fara. A eBird ma akwai ƙaramin kunshi na ƙasa ko yanki, shi ma a sauke shi.

Ka ba manhajar izinin sanin inda kake, da izinin makirfo da kyamara. Na wurin ya fi kowanne muhimmanci. Da wuri da kwanan wata Merlin take tace jerinta, in ba ta san kana Katsina ko Maraɗi ba, za ta riƙa kawo maka tsuntsayen da ba su taɓa taka Afirka ba. Na'urar gano wuri ta cikin waya da tauraron ɗan Adam take magana, ba ta bukatar data, don haka kana iya kashe data ko ka sa wayar a yanayin jirgin sama, batir ya daɗe.

Sunayen da za ka gani na Turanci ne, tare da na kimiyya a ƙasa. Wanda ya yi karatu a Nijar, Kamaru ko Cadi ya shiga saitin ya mayar da su na Faransanci. Ka cika caji, ka ɗauki fawa banki in kana da shi, domin hasken fuskar waya a cikin rana da sauraron sauti suna shan batir. Kada ka bar ƙaramin littafi da biro a gida.

Mataki na biyu: duba tsuntsun kafin ka duba waya

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya ga tsuntsu, ya sunkuya yana lalube a waya, kafin ya ɗago tsuntsun ya tashi. Waya ba ta tashi, tsuntsu ne ke tashi. Ka zuba masa ido har sai ya bar wurin ko ka ƙoshi da kallo. Girmansa nawa? Bakinsa gajere ne mai kauri irin na masu cin tsaba, ko siriri ne, ko mai lanƙwasa? Wutsiya doguwa ce? Ƙafafu wane launi? Akwai zane a ido, a wuya ko a fiffike? Me yake yi, kuma shi kaɗai ne ko cikin garke?

Bayan haka sai ka buɗe sashen tambayoyi na Merlin. Za ta tambaye ka wuri da rana, sannan girma, sannan launi, sannan abin da tsuntsun yake yi.

Tambayar girma ita ce ke rikita mutanenmu, domin ma'aunin da aka zana na tsuntsayen can ne. Za ka ga inuwar tsuntsaye huɗu daga ƙarami zuwa babba, da gurabe a tsakaninsu. Ka fassara su da namu: na farko ka ɗauke shi gwara, na biyu kurciya, na uku hankaka, na huɗu dinya. Tsuntsun da ya fi kurciya amma bai kai hankaka ba, ka taɓa gurbin da ke tsakaninsu. A launi ana zaɓar har uku, amma ka tsaya kan waɗanda suka fi rinjaye a jikinsa. Ɗan ɗigon ja a gefen ido ba ya cikin lissafi a nan, sai an zo tantancewa. A tambayar ƙarshe za ka zaɓa ko yana ƙasa, ko kan bishiya, ko kan waya ko shinge, ko cikin ruwa, ko yana shawagi.

Gwada da wanda ka riga ka sani, don ka ga yadda manhajar take tunani. Ɗauki shamuwa a watan Yuni: girma tsakanin hankaka da dinya, launi baƙi da fari, tana kiwo a ƙasa. A jerin da zai fito za ka same ta da sunan Abdim's Stork. Ka yi haka da hasbiya, da balbela, da cilakowa. In ka ga tana kawo waɗanda ka sani daidai, za ka fahimci irin amsar da take so, kuma kana koyon sunayensu na littafi a lokaci guda.

Jerin da Merlin ke bayarwa zato ne, tantancewa taka ce. Ka buɗe kowanne ka duba hotunan duka, domin namiji da mace da ɗan tsako sukan bambanta. Ka duba taswirar, ka saurari kukan. Za ka ga wasu sunaye da jan ɗigo a gefe, alamar cewa da wuya a ga wannan jinsi a wurin a wannan lokaci, wasu kuma da rabin da'ira ruwan lemo, alamar ba kasafai ba. In zatonka ya faɗa kan mai jan ɗigo, ka sake dubawa da kyau.

Wurare biyu ne za ka fi shan wuya. Na farko kurciyoyi. Abin da muke haɗawa mu kira kurciya jinsi ne da dama. Wadda ta fi yawa a cikin gida ba ta da baƙin zobe a bayan wuya, ɗige-ɗige ne a ƙirjinta. Akwai wasu da ke da wannan rabin zobe, su kuma sai da launin ido da irin kuka ake raba su. Bardo ƙarami ne mai doguwar wutsiya, namijinsa da baƙar fuska. Hasbiya babba ce, da jar fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike. Haka fararen tsuntsayen bakin ruwa, ba duka ne balbela ba. Balbela gajeren wuya gare ta da baki rawaya, tana bin shanu. In ka ga fari siriri mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu da yatsu rawaya yana kamun kifi, wani jinsi ne daban.

Na biyu ƙananan masu cin tsaba, irin masu saƙa sheƙa a kan giginya da bakin fadama. Da damina mazan sukan yi ado, wasu rawaya da baƙar fuska, wasu ja da baƙi. Da rani sai su zubar da wannan gashi su koma ruwan ƙasa kamar matan. A wannan lokaci ko gwanaye sukan yi shakka, don haka in ba ka iya rabewa ba, ka bar shi ba suna. Babu aibi a cikin haka.

Mataki na uku: hoto

Kyamarar waya ba don abu mai nisa aka yi ta ba, amma Merlin ba kyakkyawan hoto take nema ba, siffa take nema. Ka sa rana a bayanka. Kada ka ja hoton har ƙarshe da yatsa, domin yana dagulewa. Gara ka ɗauka a matsakaici, ka yanke daga baya. Ka ɗauki da yawa a jere, ko ka yi gajeren bidiyo ka ciro hoto daga ciki. A cikin manhajar za a ce ka daidaita tsuntsun ya cika akwatin da ke tsakiya, sannan ka tabbatar da wuri da ranar da aka ɗauka. In hoton wani ne ya turo maka daga wani gari, ka gyara wurin da hannu.

Mai tabaron hangen nesa yana da wata dabara: ya saita tabaron a kan tsuntsun, ya jingina shi da katanga ko reshe, ya ɗora idon kyamarar waya a kan idon tabaron. Sai an saba, amma hoton da ke fita ya isa shaida. Wanda zai saya ya nemi mai lamba 8x42, shi ne aka fi amfani da shi a wannan harka.

In Merlin ta kasa, ka ɗora hoton a iNaturalist. Can mutane ne za su duba, wani lokaci cikin sa'o'i, wani lokaci sai an yi haƙuri.

Mataki na huɗu: sauti

Wannan shi ne sashen da ya fi burge mutane, kuma shi ne ya fi bukatar taka-tsantsan a yankinmu. Kana taɓa maɓallin Sound ID, wayar ta fara naɗa, wani zane mai baƙi da fari yana gudana a sama. Hoton sautin ke nan: kuka mai kaifi yana fitowa a sama, mai kauri a ƙasa. Manhajar wannan zane take karantawa. Duk jinsin da ta gane sai sunansa ya fito, kuma ya yi haske duk lokacin da ya sake kuka. A Merlin wannan ba ya bukatar intanet. BirdNET kuwa ka naɗa ne, ka zaɓi guntun da kake so, ta aika a bincika, don haka tana son sabis.

Lokacin da ya fi shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Ka nisanci janareta, injin niƙa, titi da lasifika. Ka tsaya cak, domin takun ƙafa a kan busasshen ganye da shafar rigarka sun fi kukan tsuntsun ƙarfi a kunnen wayar. Makirfon yawancin wayoyi a ƙasa yake, kusa da wurin caji, sai ka juya wannan gefe wajen tsuntsun kuma kada yatsanka ya toshe shi. In ana iska, musamman ta hunturu, ka juya mata baya ka kare wayar da jikinka. Kada ka bar naɗi ɗaya ya yi ta tafiya. Minti biyu ko uku ka tsayar, ka fara sabo, zai fi sauƙin nema daga baya kuma ba zai cinye maka wuri ba. A ƙarshen kowane naɗi ka faɗi da bakinka abin da ka gani da inda tsuntsun yake zaune.

Yanzu ga gaskiyar lamarin. Jinsunan Afirka da yawa ba su shiga wannan sashe ba tukuna, domin sautukansu da aka tara ba su kai yadda na'ura za ta koya ba. Za ka ji tsuntsu yana rera kuka a gabanka, waya ta yi shiru. Wani lokaci kuma ta kama ƙarar ƙwaro, ko fito na yaro, ko kukan akuya daga nesa, ta ba shi sunan tsuntsu. Don haka doka ɗaya ce: sunan da ya fito ta sauti kaɗai, ba ka ga tsuntsun ba, kuma ba ka san kukan da kanka ba, kada ka rubuta shi a rahoto. Ka bi kukan har ka ga mai yin sa. Gani ya kori ji.

Shirun wayar kuma ba asara ba ne. In ka naɗi kukan, ka ga tsuntsun, ka tabbatar da shi, wannan naɗi naka shi ne ainihin abin da ake nema. Kana iya fitar da shi daga Merlin ka haɗa shi da rahotonka a shafin eBird, ya shiga taskar sauti ta Macaulay, wadda daga cikinta ake koyar da manhajar. Kukan suda ko ragon maza da aka naɗa a bayan gari a Haɗeja yana da daraja a wannan taska fiye da na tsuntsun Turai da aka riga aka naɗa sau dubbai. Mai son horar da kunnensa kuma ya leƙa shafin xeno-canto, inda ake tara kukan tsuntsayen duniya tun 2005, ya saurari na ƙasarsa.

Mataki na biyar: rubuta rahoto a eBird

Idan ka kai inda kake gane tsuntsaye ashirin ko talatin na unguwarku ba tare da waya ba, lokacin eBird ya yi. Ka isa wurin, ka buɗe sabon jeri, ka zaɓi wuri. In sanannen wurin kallo ne za ka gan shi a taswira, in ba haka ba ka sa masa suna da kanka. Manhajar za ta fara ƙirga lokaci da tazarar da ka taka. Duk tsuntsun da ka gane, ka nemo sunansa ka sa adadi.

Adadi yana da muhimmanci. Akwai damar sa alamar X, ma'ana ka gani amma ba ka ƙirga ba, sai dai kiyasi ya fi ta amfani nesa ba kusa ba. In garke ne babba, ka ƙirga goma, ka ga faɗin da suka ci, sannan ka auna sauran garken da wannan faɗi. In dubbai ne, kamar jan-baki a kan gonar shinkafa ko agwagin ruwa a fadama, ka yi da ɗari-ɗari.

A ƙarshe za a yi maka tambaya guda wadda ita ce zuciyar aikin: shin wannan jeri ya ƙunshi duk tsuntsayen da ka iya ganewa? Ka ce e ne kawai in fitowar don kallon tsuntsaye ka yi ta, kuma ka rubuta kowa da kowa, har da gwara da hankaka. Dalili shi ne masu bincike suna karanta abin da babu a jerin kamar yadda suke karanta abin da ke ciki. Ɗauki ungulu. Wanda ya girma a garuruwan Arewa ya san yadda take cika mahauta da kasuwa a da. Yau sai ka yi wata da watanni ba ka ga ko ɗaya ba, kuma tun 2015 hukumar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa ta cikin jinsunan da ke gab da ƙarewa. Cikakken jeri daga bakin mahauta wanda babu ungulu a ciki shaida ce. Jerin da aka tsinci masu kyau kawai aka rubuta ba ya faɗin komai a kan wannan.

Gajerun jeri da yawa sun fi dogo guda ɗaya. In tafiya kake, kada jeri ɗaya ya wuce kilomita 8, kuma in ka fita daga gona ka shiga fadama, ka rufe wannan ka buɗe sabo. Tsuntsun da ka hanga daga mota ko kana wani aiki, akwai rukunin gani na kan hanya, ka sa shi a can. In babu sabis, jerin zai zauna a wayar har ka dawo gari ka tura.

Wani lokaci manhajar za ta tsayar da kai ta ce wannan jinsi ko wannan adadi ba a saba gani ba, ka yi bayani. Ka rubuta abin da idonka ya gani: launin baki, tsawon wutsiya, yadda ka bambanta shi da mai kama da shi. Rubuta cewa Merlin ce ta faɗa ba bayani ba ne. Mai yiwuwa wani ɗan sa-kai mai tantance rahotanni ya aiko maka da imel yana neman ƙarin haske ko hoto. Ka amsa masa da sakin fuska, ta nan ake ƙaruwa.

Abu ɗaya game da sirri: rahoton eBird kowa na iya ganinsa a taswira. In daga gidanka kake kallo, kada ka sa wa wurin sunanka, kuma ka ɗan matsar da alamar zuwa bakin titi ko wani fili na kusa.

Ga mai son ya shiga aikin taswira

Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, a gefen dajin Amurum, ita ce ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a kowane gefe, ana kiransa pentad. BirdLasser tana nuna maka iyakar gidan da kake ciki, tana kuma sanar da kai in ka tsallaka wani. Cikakken kati, wato rahoton gida ɗaya, yana bukatar aƙalla awa biyu na dubawa, a zaga ire-iren wuraren da ke cikin gidan, gona da ruwa da gari da dutse, a rubuta jinsuna bisa jerin yadda aka gan su, kuma ana iya ci gaba da ƙarawa har kwana biyar. Sai ka yi rajista an ba ka lambar mai lura kafin ka fara turawa. Ɗalibi ko malamin makaranta da ke zaune a ƙauyen da masu bincike ba sa kaiwa yana iya cike gurbin da ba wanda zai cike. Kuma ƙasar nan ba a gama saninta ba: wani ɗan jan tsuntsu na duwatsun Jos, wanda za ka samu a manhaja da sunan Rock Firefinch, sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin jinsi na daban.

Ina za a je, yaushe, kuma da wane ladabi

Fara da inda kake: bishiyar darbejiya ta ƙofar gida, kududdufi, lambu, filin makaranta. Daga Oktoba zuwa Maris baƙi daga Turai da Asiya suna sauka, a lokacin ne dausayin Haɗeja da Nguru yake cika da agwagi da masu dogayen ƙafafu. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a shekarar 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Da damina kuma na gida ne ke ado da kuka. Asabar ta biyu a watan Mayu da ta Oktoba ranaku ne da masu eBird a duk duniya suke fita ƙirga tare, dama ce mai kyau ta jawo abokai.

Halin tsaro a wurare da dama ba ya bukatar dogon bayani. Kada ka shiga daji ko fadamar da ba ka tambayi mutanen wurin ba. In baƙon gari ne kai, ka fara gaida mai unguwa ko dagaci ka faɗi abin da ya kawo ka, domin mutum da tabaron hangen nesa yana ɗaga waya sama abin tuhuma ne ga wanda bai sani ba. Kada ka saita kyamara wajen bariki, shingen jami'an tsaro ko filin jirgi, haka gidajen mutane da wurin da mata ke ɗiban ruwa ko wanki. Ku fita ku biyu ko uku ya fi.

Tsuntsun ma yana da hakki. Manhajojin suna ɗauke da kukan kowane jinsi, kuma in ka kunna da ƙarfi namiji zai taso yana neman abokin gaba, ya bar sheƙa da abinci. Don koyo aka sa su, ka saurara a hankali kusa da kunne. Kada ka matsa wa sheƙa don hoto. Wurin da ka ga sheƙar ungulu, gauraka, aku ko mujiya kuwa, kada ka yaɗa shi a Facebook ko zauren WhatsApp, saboda akwai masu kama su don sayarwa. eBird tana ɓoye wurin wasu jinsuna da kanta, a iNaturalist kuma kana iya zaɓar a dusashe wurin.

Littafin nan da na ce ka ɗauko, ga babban aikinsa. In ka haɗu da dattijo manomi, maharbi ko masunci, ka nuna masa tsuntsun a fili, ko hotonsa a waya, ka ce, “Baba, me kuke kiran wannan a nan?” Ka rubuta sunan, da garin, da abin da ya faɗa game da lokacin zuwansa da abincinsa. Sunaye sukan bambanta tsakanin Sakkwato da Kano da Damagaram, wani suna ɗaya yana rufe jinsi uku, wani jinsi kuma yana da suna biyu. Ka tambayi mutum fiye da ɗaya kafin ka tsayar. A eBird kowane jinsi yana da gurbin ƙarin bayani, sai ka sa sunan Hausar a wurin tare da garin da ka ji shi.